Gishiri ko Ruwa Zalla: Gwajin Nuremberg na 1835

A ranar 19 ga Fabrairun 1835, mutum fiye da 120 suka hallara a wani masaukin baƙi mai suna Jan Zakara a birnin Nuremberg, wanda a lokacin yake ƙarƙashin masarautar Bavariya, a Jamus ta yau. Gardama ce ta tara su, wadda ta daɗe tana ci tsakanin likitocin garin. Idan aka ɗauki ɗan mitsitsin gishirin abinci aka tsarma shi da ruwa daki-daki har sau 30, kamar yadda masu likitancin homiyofati suke yi (wato tsarin da ke bai wa majinyaci, a tsarme sosai, abin da ke tayar da irin alamomin cutarsa), shin lafiyayyen mutum zai ji wani sauyi a jikinsa in ya sha? Wani likitan homiyofati na garin ya ce lallai zai ji, har ya ƙalubalanci abokan hamayyarsa su gwada. Suka kuwa amsa. Amma sun gindaya sharaɗin da ya sa masu tarihin likitanci suke ambaton taron har yau: babu wanda zai san abin da ke cikin kwalba, daga mai sha har mai miƙa masa.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya sa ɗan gishiri ya kai ga tara jama'a haka.

Samuel Hahnemann, wanda ya kafa homiyofati, likita ne Bajamushe da aka haifa a Meissen a 1755. Likitancin da ya tarar ba shi da tausayi: a tsaga jijiya a zubar da jini, a liƙa wa majinyaci matsattsaku, a ɗura masa magungunan amai da na zawo, wasu ma da zaiba a ciki. Abin ya ishe shi, har ya ja baya daga duba marasa lafiya ya koma fassarar littattafai don ya ciyar da iyalinsa. A 1790, yana cikin fassara littafin magunguna na William Cullen, wani likitan Sukotland, ya ci karo da bayanin cewa ɓawon itacen sinkona, wanda daga baya aka fitar da kwinin daga jikinsa, yana maganin zazzaɓin cizon sauro ne saboda ɗacinsa da yadda yake ƙarfafa ciki. Bai gamsu ba, tunda akwai abubuwan da suka fi shi ɗaci amma ba sa taɓa zazzaɓin. Sai ya riƙa sha da kansa, sau biyu a rana, na 'yan kwanaki, alhali lafiyarsa lau. Ya rubuta cewa ƙafafunsa da kan yatsunsa sun yi sanyi, kasala da barci suka rufe shi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga rawar jiki, ga ƙishirwa. Bayan awa biyu ko uku abin ya lafa, in ya sake sha ya dawo.

A kan wannan ya gina ƙa'idarsa, wadda ya fara wallafawa a 1796, ya kuma shimfiɗa ta sosai a littafinsa Organon a 1810: abin da ke tayar da wasu alamomi a jikin mai lafiya shi ne zai warkar da cutar da take da irin waɗannan alamomi. Duk wanda ya karɓi wannan ƙa'ida, dole ya karɓi abin da ke biye da ita. Ba a gane aikin magani a gadon majinyaci. A jikin masu lafiya ake gane shi. Don haka Hahnemann ya tara 'yan sa-kai, galibi ɗalibansa na Leipzig da iyalinsa da shi kansa, ya tsara musu yadda za su yi. Mai gwaji ya zama lafiyayye, mai gaskiya, mai iya bayyana abin da yake ji. Ya ƙaurace wa kofi da giya da kayan ƙamshi masu ƙarfi. Ya sha abin da aka ba shi kafin ya ci komai, sannan ya zauna da littafinsa yana rubuta duk abin da ya ji, komai ƙanƙantarsa: ƙaiƙayi a fatar ido, ɗaci a baki, mafarki, ɓacin rai, da lokacin da abin ya zo, da ko tafiya ko ɗumi ko iskar waje suna ƙara shi ko rage shi. Daga baya a tattara rubuce-rubucen a jera su daga kai zuwa ƙafa. Wannan jerin shi ne hoton maganin, kuma da shi likitan homiyofati yake gwama koke-koken majinyacinsa har ya zaɓar masa abin da zai sha.

Ya kamata a ba Hahnemann haƙƙinsa a nan. A zamanin da likitoci ke haɗa magunguna barkatai bisa abin da suka gada daga littattafan magabata, mutum ya ce a gwada abu ɗaya tak, a lura, a rubuta, wannan ci gaba ne na gaske. Kuma gwaje-gwajensa na farko da ainihin sinadarin ake yi. Wanda ya sha tsiron beladona mai dafi ko gubar asinik, ko da kaɗan ne, ba sai ya yi dogon nazari zai san ya sha wani abu ba.

Matsalar ta kunno kai ne da ya soma tsarma magunguna. Da farko don rage guba ya yi, daga baya ya zo ya yi imani cewa tsarmawa tare da girgizawa mai ƙarfi ƙara wa magani ƙarfi take yi, har ma tana farkar da ikon warkarwa a abubuwan da ba a san su da shi ba, irin su gawayi da gishiri. A bugu na biyar na Organon, na 1833, ya ba da shawarar a riƙa gwaji a kan masu lafiya da tsarmi na 30. Ga yadda ake yin sa: a narkar da abu a ruwa ko barasa kashi ɗaya cikin ɗari, a girgiza, a ɗebi ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 na sabon ruwa, a girgiza, a yi ta haka har sau 30. A lissafi, kashi ɗaya ke nan cikin adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 60 a bayansa. Gishirin da aka fara da shi a Nuremberg bai wuce miligiram 60 da 'yan kai ba, kuma ilimin sinadarai na yau ya nuna cewa tun wajen kwalba ta 12 da wuya a samu ko ƙwaya ɗaya daga cikinsa. Sauran matakan, ruwa ake zubawa cikin ruwa. Mutanen 1835 ba su da wannan lissafi a hannu, don sai a 1865 Josef Loschmidt ya fara kimanta girman ƙwayoyin halitta. Hankali kawai ya gaya wa wasunsu cewa da sake.

Yadda gardamar ta kai ga taro

A shekarun 1830 homiyofati ya samu karɓuwa a wajen masu hali da masu sarauta na Bavariya. Wannan ya dami Friedrich Wilhelm von Hoven, babban jami'in lafiya na Nuremberg kuma shugaban asibitocin birnin. A 1834 ya wallafa suka mai zafi da sunan aro. Ya ce waɗannan magunguna ba magunguna ba ne. Waɗanda suka warke, ƙa'idar abinci da ƙarfin jiki da imani ne suka warkar da su. Ya nemi a yi gwaji na adalci, in kuma homiyofati ya faɗi, hukuma ta ɗauki mataki.

Johann Jacob Reuter, likitan homiyofati na garin, ya mayar da martani. Ya ce ai an warkar da yara ƙanana da masu taɓin hankali da dabbobi, waɗanda ba za a ce imani ne ya yi musu aiki ba. Sannan ya jefa ƙalubale: abokin hamayyarsa ya sha gishiri mai tsarmi na 30 ya gani. Ya ce goma bisa ɗaya, wato yiwuwar ya ji ta ninka ta rashin ji sau goma, zai ji wani abu da bai saba ji ba. Da wannan magana Reuter ya yi abin da masu da'awar magani ba su cika yi ba: ya faɗi abin da zai faru, da adadi, a fili, ta yadda za a iya kama shi in bai faru ba. Ina ganin wannan jarunta ce, ko da sakamakon bai yi masa daɗi ba.

Wasu likitoci da masu haɗa magani suka fara gwadawa ɗai-ɗai, kowa ya san abin da ya sha, don haka kowa ya fito da abin da ya shiga da shi. Sai aka yanke shawarar yin gwaji babba a bainar jama'a. Wanda ya tsaya a kai har ya wallafa rahoton shi ne George Löhner, mai wata jarida kuma editanta, wanda ba likita ba ne. Masu shirya abin suka kira kansu ƙungiyar masu son gaskiya. Aka yi shela ga duk mai sha'awa ya zo, aka kuma ƙayyade tun farko cewa in masu halarta ba su kai 50 ba, ba za a ci gaba ba.

Abin da aka yi a ɗakin ya cancanci a bi shi a hankali. Da farko aka yi wa kowa bayanin tsarin gaba ɗaya. Aka kawo ƙananan kwalabe 100 aka sa musu lamba a gaban jama'a, aka cakuɗa su sosai, aka raba su gida biyu, hamsin-hamsin, ba tare da zaɓe ba. Kashi ɗaya aka cika da ruwan dusar ƙanƙara da aka tace ta hanyar tururi. Ɗaya kashin aka cika da gishirin da aka tsarma da irin wannan ruwa, daidai yadda Reuter ya ce a yi. Masu haɗa magani biyu da aka ɗora wa aikin sun yi kwana biyu ba su je shagonsu ba, sun yi wanka, sun sauya tufafi, kuma da sabon sikeli suka auna gishirin, wanda bai taɓa kusantar kantin magani ba. Duk wannan don kada a ce ƙurar wani maganin ta ɓata na homiyofati. Ko da masu shirya gwajin ba su yarda cewa ƙura za ta yi wani tasiri ba, sun toshe wannan ƙofa tun kafin a ce ta nan aka bi. Wanda yake son gwajinsa ya gamsar da abokin gardama, haka yake yi: ya bi sharuɗɗan abokin gardamar har ƙarshe.

Aka rubuta lambobin kwalaben gishiri da na ruwa a takarda, aka liƙe ta da hatimi. Sannan aka miƙa kwalaben ga wani kwamiti daban, wanda bai san abin da ke cikin kowace ba. Kwamitin ya raba 47 ga waɗanda suka yarda su sha, ya rubuta sunan kowa da lambar kwalbarsa a takarda ta biyu. Bayan taron, ɗaya daga cikin likitocin ya raba wasu bakwai. Jimilla 54.

Bayan mako uku aka sake taruwa. Kowa ya faɗi ko ya ji wani abu da bai saba ba, wanda bai samu zuwa ba aka nemi ya aiko da bayaninsa. An samu amsa daga mutum 50. Sai da aka gama ɗaukar bayanan duka aka ɓalle hatimin. Mutum takwas ne kawai suka ce sun ji wani abu. Biyar daga cikinsu gishirin suka sha, uku ruwa zalla. Sauran 42 ba su ji komai ba. Reuter ya yi alkawarin goma bisa ɗaya. Abin da aka samu bai ko kama hanya ba. Masu shirya gwajin suka rubuta cewa alamomin da 'yan homiyofati ke bayarwa sun samo asali ne daga zato da yaudarar kai da abin da mutum ya riga ya ƙudurce, in ma ba ha'inci ba ne. Suka kuma yi kira ga wasu su maimaita gwajin da wasu magunguna, da sharaɗin kada a bar wata kafa da mai sha ko mai rabawa zai iya hasashen abin da ke cikin kwalba.

Mutum ukun nan

A wajena, waɗanda suka fi kowa muhimmanci a wannan labari su ne mutum ukun da suka sha ruwa zalla suka ji alamomi. Babu dalilin da zai sa a ce ƙarya suka yi. Jikin ɗan Adam ba ya yin shiru. Kullum akwai ɗan abin da ke motsi, ciwon kai mai wucewa, kumburin ciki, barcin da bai yi daɗi ba, kasalar da ba a san mafarinta ba. Yawanci ba ma kula su. Amma a ba mutum kwalba, a ce ya sha ya saurari jikinsa na mako uku, duk abin da ya taso zai jingina shi ga kwalbar, don zuciya takan ce ruwa ba ya tsami banza. A 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, Reidenberg da Lowenthal, suka tambayi lafiyayyun mutane 414 da ba sa shan kowane magani ko sun ji wasu alamomi cikin kwana uku da suka wuce, irin alamomin da akan ɗora wa magunguna. Kashi 19 cikin ɗari kaɗai suka ce ba su ji komai ba.

Yanzu a ɗauki waɗannan mutum uku a sa su cikin tsarin Hahnemann, inda babu rukunin masu shan ruwa zalla da za a gwama da su. Duk abin da suka ji zai shiga littafi a matsayin aikin gishiri. Wani likita a wani gari zai buɗe littafin, ya ga alamar ta yi daidai da ta majinyacinsa, ya rubuta masa gishiri. A littafin Hahnemann kan cututtuka masu daɗewa, gishirin abinci yana da ɗaruruwan alamomi a ƙarƙashinsa, kuma babu hanyar da mai karatu zai bi ya ware wanne ne daga kwalba, wanne ne daga rayuwar yau da kullum ta mai gwajin. Tsananin kulawar da Hahnemann ya nema daga 'yan sa-kansa, wadda ita ce abin yabo a tsarinsa, ita ce kuma ta buɗe wannan ƙofa. Gwargwadon yadda mutum ya ƙure kunne ga jikinsa, gwargwadon yawan abin da zai rubuta, ko ya sha wani abu ko bai sha ba.

Gwajin Nuremberg shi ma yana da gurbi, kuma babba ne. Michael Stolberg, masanin tarihin likitanci da ya yi nazarinsa a 2006, ya nuna cewa da alama yawancin waɗanda suka sha masu adawa da homiyofati ne. Ɓoye abin da ke cikin kwalba yana hana mutum ya ƙirƙiri alama don ya taimaki ɓangarensa, amma ba ya hana shi yin shiru. Wanda ke son Reuter ya kunyata, abin da zai yi kawai shi ne ya ce bai ji komai ba, ko wace kwalba ya samu. In aka duba yawan ƙananan alamomin da lafiyayyun mutane kan ji, takwas cikin 50 a tsawon mako uku ya yi kaɗan, ko da yake abin da aka tambaye su shi ne abin da ba su saba ji ba. Mai bin tafarkin Hahnemann yana iya ƙarawa da cewa sha ɗaya bai isa ba, kuma ba kowane jiki ne ke amsa magani ba. Biyar da uku kuwa ba tazara ba ce da za a gina komai a kanta, tunda kwalaben rabi da rabi ne, kuma sa'a kaɗai tana iya kawo haka. Abin da gwajin ya rusa shi ne da'awar Reuter kamar yadda ya furta ta. Babbar tambayar ta rage sai an sake gwaji da mutanen da ba su zo da gaba ba.

An kuwa sake, kuma wani lokaci 'yan gida ne suka yi. A Boston, wajen ƙarshen shekarun 1870, Conrad Wesselhoeft, wanda shi kansa likitan homiyofati ne, ya sake gwada maganin gawayi, ya ba 'yan sa-kai ƙwayoyin da babu komai a ciki ba tare da sun sani ba, suka cika masa takardu da alamomi. A 2003 Sarah Brien da George Lewith da Trevor Bryant na Jami'ar Southampton a Ingila suka wallafa gwajin beladona mai tsarmi na 30. Lewith ba maƙiyin irin wannan likitanci ba ne, ya daɗe yana aiki da shi. Sun zaɓi beladona ne don alamominsa sanannu ne a littattafan homiyofati. Lafiyayyun mutane 253 suka shiga, 206 suka kai ƙarshe. Gwajin ya ɗauki mako huɗu: a na farko da na ƙarshe kowa maganin bogi ya sha, a biyun tsakiya aka raba su da ƙuri'a, wasu beladona wasu na bogi, ba tare da su ko masu binciken sun san wa ya samu me ba. An ƙayyade tun farko irin alamomin da za a ƙirga. Waɗanda suka nuna hoton beladona a cikin masu shan beladona 14 ne, wato kashi 13.9 cikin ɗari. A cikin masu shan na bogi 15 ne, kashi 14.3.

A 2007 Flávio Dantas na Brazil da abokan aikinsa, waɗanda da yawansu daga cikin harkar homiyofati suke, suka bi diddigin gwaje-gwaje 156 da aka wallafa tsakanin 1945 da 1995, a kan magunguna 143 da 'yan sa-kai 2,815, waɗanda suka bayar da alamomi fiye da 20,000. Sun samu cewa mafi yawan gwaje-gwajen tsarinsu mai rauni ne ta fuskar ƙuri'a da ɓoye magani da rukunin gwamawa, kuma waɗanda suka fi rauni su ne suka fi fitar da alamomi masu yawa. Littattafan da likitocin homiyofati ke buɗewa a yau don zaɓar wa majinyaci magani har yanzu suna ɗauke da alamomin da aka tara tun zamanin Hahnemann, haɗe da na waɗannan gwaje-gwaje na baya, kuma ba a sake tace yawancinsu da irin matakan da aka bi a Southampton ba.